Yadda jini ke gudana a ƙwaƙwalwa bayan an mayar da ƙoƙon kai

Mutumin da aka cire wa wani ɓangare na ƙoƙon kai domin a ceci ransa tiyata biyu ce a gabansa, ko da yake ta farkon ce kaɗai take tsaya wa 'yan uwa a rai. Ita ta farko cikin gaggawa ake yin ta, sau da yawa da tsakar dare, bayan hatsarin mota ko na babur, ko kuma bayan toshewar babbar jijiyar jini ta sa ƙwaƙwalwa ta kumbura har ta rasa wurin zama a cikin kai. Ta biyun kuwa, wadda a cikinta ake mayar da ƙashin da aka cire ko wani abin da aka ƙera a madadinsa, ana sa mata rana ne bayan makonni ko watanni, a daidai lokacin da majinyaci ya fara cin abinci da hannunsa, kuɗin jinya ya ƙare, kowa kuma ya gaji da zaman asibiti. Na sha jin masu jinya suna cewa tunda Allah ya tashi kafaɗunsa, ramin da ya rage a kai ai hula ma ta isa ta rufe shi. Ban ga laifinsu ba, domin abin da ido ke gani shi ne lotsewar fata kawai. Amma a ganina tiyata ta biyu magani ce da kanta, kuma hujjar da ta fi gamsar da ni a kan haka ita ce abin da aka auna game da gudanar jini a ƙwaƙwalwa kafin a rufe ramin da bayan an rufe shi.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce nauyin kilo 1.4 ba, wato kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke bugowa, tana kuma cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita a lokacin hutu. Seymour Kety da Carl Schmidt na Amurka ne suka samar da hanyar auna wannan gudana a jikin mutum mai rai, kuma alƙalumman da suka wallafa a 1948 har yanzu da su ake koyarwa: kimanin mililita 50 na jini ga kowane giram 100 na ƙwaƙwalwa a cikin minti ɗaya, wato kusan mililita 700 ga ƙwaƙwalwa baki ɗayanta. Idan adadin ya sauka ƙasa da 20, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan daina aiki duk da cewa suna nan da rai. Idan ya sauka ƙasa da 10 kuma ya ɗan jima a haka, sai su fara mutuwa. Wannan tazara da ke tsakanin daina aiki da mutuwa ita ce ginshiƙin duk maganar da zan yi, domin ita ce ke bayyana yadda sashen ƙwaƙwalwa zai yi watanni a kasale, sannan ya farfaɗo cikin 'yan kwanaki idan jini ya wadace shi.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne cewa ƙoƙon kan babban mutum rufaffe ne, ba ya miƙewa, ba ya lotsewa. Alexander Monro na birnin Edinbura ya bayyana haka a 1783, ɗalibinsa George Kellie kuma ya ƙarfafa maganar a 1824, daga baya aka cika ta da batun ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a cikinsa. Abu uku ne ke raba wurin: naman ƙwaƙwalwa, jini, da wannan ruwa, wanda bai wuce mililita 150 ba a kowane lokaci ko da yake jiki na samar da kusan mililita 500 a kullum yana kuma shanye shi. Idan ɗaya ya ƙaru, dole wani ya ragu, in ba haka ba matsin cikin kai ya hau. A lafiyayyen mutum da ke kwance, matsin yana tsakanin 7 da 15 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Ƙarfin da ke tura jini cikin ƙwaƙwalwa shi ne abin da ya rage idan aka ɗebe matsin cikin kai daga matsakaicin bugun jinin jiki, don haka da zarar kumburi ya ɗaga matsin cikin kai, jinin da ke shiga zai ragu ko da zuciya na aikinta daidai. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da baiwar daidaita kansu, su buɗe idan bugun jini ya sauka, su tsuke idan ya hau, kamar yadda Niels Lassen na ƙasar Denmak ya bayyana a 1959. Mummunan rauni yakan lalata wannan baiwa, kuma za mu sake haɗuwa da ita a gaba, a wurin da ta fi haɗari.

Idan magunguna sun kasa sauke matsin, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yakan yanke ƙashi mai faɗi, wanda ƙa'idojin jinyar raunin kai na Amurka suka ce kada ya gaza santimita 12 a faɗi da 15 a tsawo, ya buɗe taurin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, sannan ya ɗinke fatar kai a bisa ramin. Babban gwajin da Peter Hutchinson na Jami'ar Cambridge ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2016 a kan majinyata 408, ya nuna cewa bayan wata 6 kashi 26.9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyatar ne suka rasu, alhali kashi 48.9 ne suka rasu cikin waɗanda aka ci gaba da ba su magani. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun rayu ne da naƙasa mai tsanani, kuma su ne mutanen da kowane ɗan ƙarin sauƙi ke da daraja a wurinsu. A kwanakin farko bayan an buɗe kan, jini yakan kwararo cikin ƙwaƙwalwa, wani lokaci fiye da buƙata, kuma fatar wurin takan tasa ta yi tozo.

Abin da ke biyo baya a hankali yake zuwa, shi ya sa ake yawan kuskure masa. Kumburi ya sabe, naman da ya mutu ya motse, sai fatar da a da ta tasa ta fara faɗawa ciki. Uwa ta san maɗigar jariri, ta san yadda take lotsawa idan gudawa ta tsotse ruwan jikin yaro. To, ramin tiyata maɗiga ce da ta fi tafin hannu faɗi, a kan babban mutum da ke yini a zaune ko a tsaye. Wasu sukan ce nauyin iskar duniya ne ke danne ƙwaƙwalwa, har su kawo lissafin cewa iska na danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Lissafin gaskiya ne, amma yadda ake faɗarsa yana ɓatar da mai sauraro, domin dukan jiki a cikin wannan iskar yake rayuwa ba tare da ya murƙushe ba. Abin da ke aiki shi ne bambancin da ke tsakanin matsin waje da na ciki. Idan mutum ya miƙe tsaye, ruwan ƙwaƙwalwa da jinin da ke komawa zuciya sukan gangara ƙasa, matsin cikin kai ya sauka har ya koma ƙasa da na iskar waje. A kan da ke rufe, ƙashi ne ke ɗaukar wannan bambanci, ƙwaƙwalwa ba ta ma san da shi ba. A kan da ke buɗe, fata ce kawai a tsakani, sai iska ta tura ta ta kwanta a kan ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ramin yakan zurfafa da yamma bayan an yini a zaune, ya ɗan cika idan an kwanta, kuma yakan ƙara zurfi idan majinyaci bai sha isasshen ruwa ba, abin da bai kamata a raina ba a watannin bazara.

Jijiyoyin da suka fara shan wahala su ne masu mayar da jini zuwa zuciya, waɗanda ke shimfiɗe a saman ƙwaƙwalwa, domin bangonsu siriri ne kuma matsin cikinsu kaɗan ne, ɗan danni ya isa ya tsuke su. Idan mafita ta ƙuntata, jinin da ke shigowa ma dole ya rage sauri. Ƙananan jijiyoyin da ke cikin ɓawon ƙwaƙwalwa su ma suna lanƙwashewa a ƙarƙashin fatar da ta lotsa, ga kuma tabon da ke manne fata da abin da ke ƙarƙashinta. Akwai wani lahani na uku da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Da kowane bugun zuciya ƙwaƙwalwa takan ɗan kumbura, kuma da yake ƙashi ba ya ba da wuri, wannan kumburin ne ke tunkuɗa ruwan ƙwaƙwalwa ya zagaya, ya kuma matse jinin da ya gama aiki ya fita. Idan akwai rami, bugun sai ya tafi a banza wajen ɗaga fata, abin da kowa zai iya gani da idonsa idan ya zuba wa wurin ido. Harald Fodstad da abokan aikinsa a Suwidin sun auna matsin ruwan ƙwaƙwalwa a irin waɗannan majinyata, suka wallafa a 1984 cewa ya kauce daga yadda ya kamata kafin a rufe ramin, kuma ya koma kusa da daidai bayan an rufe.

Likitoci sun lura da alamomin tun kafin a sami na'urorin aunawa. A 1939 Francis Grant da Nathan Norcross na Amurka suka bayyana ciwon kai, jiri, saurin gajiya, rashin son hayaniya da sauyin hali a mutanen da ke da rami a ƙoƙon kai, kuma an daɗe ana ɗaukar abin a matsayin damuwar zuciya ce ta wanda ya san kansa a buɗe yake. A 1977 Yamaura da Makino na Japan suka danganta raunin gaɓoɓi da lotsewar fatar kanta, suka nuna yana warwarewa idan an mayar da ƙashi. Rahoton da ya fi jan hankalina shi ne na Shirley Stiver da abokanta a San Francisco, na 2008. Cikin majinyata 38 da suka bibiya, 10 sun sami sabon rauni a hannun da ke ɗaya ɓarin jikin, wato kishiyar gefen da ramin yake, kimanin wata 5 bayan tiyatar farko, a lokacin da ake ganin suna kan hanyar warkewa. Da aka mayar da ƙashin, ƙarfin hannun ya fara dawowa cikin 'yan kwanaki. Masu gashin ƙashi su ne suka fi kowa damar gane wannan, saboda su ne ke ganin majinyacin da ya yi wata biyu yana ci gaba sannan ya tsaya cak, ko ya fara komawa baya, ko ya zama da safe yana magana sarai amma da la'asar ya yi nauyi. Sau da yawa ana ɗora laifin a kan lalaci ko ɓacin rai, alhali ramin ne.

Dangane da auna jinin kansa, hanya mafi sauƙi ita ce na'urar Doppler da ake ɗorawa a gefen goshi, wadda Rune Aaslid ya gabatar a 1982, mai amfani da sauti wajen auna saurin jini a manyan jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma hoton CT da ake ɗauka bayan an zuba rini a jijiya domin a ga yadda yake ratsa kowane sashe, da na MRI, da na PET mai nuna yawan sukarin da ƙwaƙwalwa ke ci. Peter Winkler da abokansa a birnin Munich na Jamus sun haɗa Doppler da PET a kan majinyata 13, suka wallafa sakamakon a shekarar 2000. Kafin a rufe ramin, jinin da ke hawa ɓangaren da ya ji rauni yana raguwa duk lokacin da aka tayar da majinyaci daga kwance, kuma wannan raguwa ta gushe bayan tiyata. Sashen da ke ƙarƙashin ramin ya ƙara cin sukari, alamar ƙwayoyinsa sun koma bakin aiki. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne ikon da jijiyoyi ke da shi na ƙara buɗewa idan buƙata ta taso, wanda suka tarar ya raunana ƙwarai a ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, har da wanda ba a taɓa ba, sannan ya inganta bayan an rufe.

Wannan batu na ɓangaren da ba a taɓa ba shi ne, a wurina, mafi ƙarfin shaida. Da a ce lotsewar fata tana danne abin da ke ƙarƙashinta ne kawai, da gyaran zai tsaya a nan. Ganin jini ya ƙaru a ɗaya gefen yana nuna cewa ramin ya rikita tsarin matsi na kai gaba ɗaya, kuma rufe shi ya dawo da tsarin. Wani bitar bincike da Sameer Halani da abokansa suka wallafa a 2017 ya tattara rahotanni 21 a kan majinyata kimanin 200, kuma mafi yawansu sun nuna ƙaruwar jini a gefen da aka gyara, da dama daga ciki har da ɗaya gefen.

Duk da haka, ba na son a ɗauki waɗannan alƙalumma fiye da nauyinsu. Majinyata 200 da aka rarraba a rahotanni 21 kaɗan ne ƙwarai, na'urorin da aka yi amfani da su sun bambanta, lokacin aunawa ma ya bambanta, wasu bayan kwanaki, wasu bayan watanni. Doppler sauri yake aunawa, kuma sauri na iya ƙaruwa saboda jijiya ta tsuke, ba don jini ya yawaita ba. Sannan mai raunin kai yana samun sauƙi a hankali ko da ba a yi masa komai ba, don haka ingancin tunani ko na magana da aka gani bayan wata shida ba za a iya jingina shi duka ga ƙashin da aka mayar ba. Abin da ke da wuyar musantawa shi ne sauƙin da ke zuwa cikin kwana biyu ko uku a jikin wanda ya yi makonni yana komawa baya, domin warkewar yau da kullum ba ta yin irin wannan tsalle. Kuma jini ba ya tayar da naman da ya riga ya mutu. Wanda ya kasale ne kawai yake farfaɗowa, saboda haka ba kowane majinyaci ne zai ga canji ba, bai kuma dace likita ya yi wa iyali alƙawarin haka ba.

Dawowar jini tana da nata haɗarin. A wasu lokuta, waɗanda ba su da yawa amma galibi sukan kai ga mutuwa, ƙwaƙwalwa takan kumbura gaba ɗaya cikin mintoci ko 'yan awanni bayan tiyatar da ta tafi lami lafiya. Stephen Honeybul na birnin Perth a Ostireliya ya ba da rahoton irin waɗannan mace-mace a 2011, wasu likitocin ma sun kawo nasu daga ƙasashe daban-daban. Bayanin da aka fi karɓa shi ne cewa jijiyoyin da suka yi watanni a danne, waɗanda raunin farko ya riga ya lalata musu baiwar daidaita kai, sukan kasa tsukewa idan aka ɗauke musu dannin farat ɗaya, sai jini ya afka musu, ruwa ya tsattsafo cikin naman ƙwaƙwalwa. A yawancin rahotannin majinyatan masu zurfin rami ne, kuma an sa musu robar da ke zuƙe jini daga ƙarƙashin fatar kai, wadda zuƙarta ke ƙara sauke matsin ciki a daidai lokacin da bai kamata ba. Wannan ne ya sa likitoci da dama suke kaffa-kaffa da ƙarfin zuƙar robar, suke tsare bugun jini kada ya hau, suke kuma son a sa wa majinyaci ido sosai a daren farko. Farfaɗiya, taruwar jini a ƙarƙashin ƙashi da shigar ƙwayoyin cuta sun fi wannan yawan aukuwa, kuma idan ƙashin ya ruɓe dole a sake cire shi a jira watanni.

Akwai haɗarin da ke gefe guda, na lokacin jira, wanda ya kamata kowane mai jinya ya sani. Duk abin da zai rage ruwan ƙwaƙwalwa alhali kai na buɗe, kamar ɗibar ruwa daga ƙashin baya domin gwaji, ko tiyon da ake dasawa don janye ruwan da ya taru, na iya sa iska ta tura ƙwaƙwalwa ta goce zuwa ɗaya gefen, majinyaci ya suma. Maganinsa kishiyar abin da aka saba yi wa mai kumburin ƙwaƙwalwa ne: a kwantar da shi kansa ya fi ƙafafunsa ƙasa, a ƙara masa ruwa, a dakatar da magungunan da ke busar da ƙwaƙwalwa, a kuma gaggauta rufe ramin. Idan aka kai irin wannan majinyaci wani asibitin da ba can aka yi masa tiyata ba saboda zazzaɓi ko wani ciwon, wajibi ne a sanar da likita cewa ƙashin kansa ba ya nan kafin a yi maganar allura a baya.

Yaushe ya kamata a rufe? A da ana jira wata 6 ko shekara guda saboda tsoron ƙwayoyin cuta. Bitar da James Malcolm da abokansa suka yi a 2018 ta nuna cewa waɗanda aka yi wa cikin kwana 90 sun fi samun ingancin aikin ƙwaƙwalwa, kuma ra'ayin likitoci ya karkata ga yin ta da zarar kumburi ya sabe, ciwon fata ya warke, babu kuma wata cuta a jiki. Binciken ba irin wanda aka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba ne, saboda haka likitan da ya ga majinyacin ne ke da ta cewa, amma ban ga hujjar barin mutum da ramin da ke zurfafa har shekara ba, sai idan akwai dalilin lafiya da ya tilasta.

A ƙasashenmu, abin da ke jinkirta tiyatar sau da yawa ba dalilin lafiya ba ne. Ajiye ƙashi a waje yana buƙatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili da wutar da ba ta ɗaukewa, shi ya sa likitoci da yawa suke ɓoye shi a ƙarƙashin fatar cikin majinyacin, inda jiki ke tsare shi amma yana cin gefensa kaɗan-kaɗan idan aka daɗe, wani dalilin kuma na rashin jinkiri. Idan ƙashin ya farfashe ko ya lalace, sai a koma ga simintin ƙashi da likita ke murzawa da hannu a ɗakin tiyata, ko ragar ƙarfen titaniyom, ko robar da ake ƙerawa daidai da hoton kan mutum, kowanne ya fi na gabansa tsada. Wannan matsala ce ta sa Amos Adeleye na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya bayyana a 2011 wata hanya ta barin ƙashin a wurinsa, manne da tsokar gefen kai, ba tare da an ɗaure shi ba, yadda zai ɗaga idan ƙwaƙwalwa ta kumbura ya kuma koma mazauninsa idan ta sabe. Ba kowane kumburi ne wannan sarari zai ishe shi ba, amma majinyacin da ta dace da shi ba ya bi ta watannin lotsewar fata, iyalinsa kuma ba sa neman kuɗin tiyata ta biyu.